Ruwan Allah ne ko ramin tsakuwa? Yadda kogi ke cinye gonar maƙwabci

A tsakiyar watan Yulin 2021 wani hoto da aka ɗauka daga sama ya zaga duniya. Ƙauye ne a yammacin Jamus, gidaje a jere tsaf, sai kuma a bakin garin ƙasa ta yanke kamar an sa wuƙa, wani ƙaton kwazazzabo mai jan ruwa ya wage baki har gindin katangu. Sunan ƙauyen Blessem, a yankin Erftstadt, ba nisa da Kolon da kuma Bonn, garin da masu sauraron sashen Hausa na DW suka saba jin sunansa. Yawancin waɗanda suka ga hoton gidajen da suka rufta suka kalla, kuma ba laifi. Ni kuwa idona ya tsaya ne a kan abin da ba ya cikin hoton. Tsakanin gidajen nan da ramin da ake haƙar tsakuwa da yashi a gefen ƙauyen, gonaki ne a da. Ambaliyar da muka saba gani takan kwanta a gona kwana uku ko mako guda ta janye, a yi asarar shuka, baɗi a sake. Waɗannan gonaki ba kwanciya ruwa ya yi a kansu ba, ɗauke su ya yi ya zuba a rami.

Ruwan da aka yi a wannan makon ba na wasa ba ne. A wasu wurare an auna fiye da milimita 150 cikin awa 24, abin da yankin kan samu a wata biyu, kuma mutum fiye da 180 suka rasu a Jamus, akasarinsu a kwarin kogin Ahr. Kogin Erft, wanda a ranakun lafiya bai fi wata babbar ƙorama ba, ya cika ya batse, ya bi titunan Blessem, ya ratsa gonaki, ya sami bakin ramin ya faɗa. Daga nan labarin ya sauya. Ƙasa ta dinga zaftarewa tana ja da baya, daga bakin ramin zuwa ƙauye, tsawon ɗaruruwan mitoci, har ta ci wasu gidaje da wani sashe na tsohuwar fadar garin. Cikin ikon Allah wannan ruftawa ba ta ci rai ba.

To, wa ya ci gonakin, ruwan sama ko rami? Wannan ita ce gardamar da ake yi duk inda irin haka ta faru, daga Jamus har fadamun ƙasar Hausa, kuma a ganina an gina tambayar a karkace. Rami ba ya haifar da ko ɗigon ruwa. Abin da yake yi shi ne sauya wa ruwan hanya, da gudu, da wurin kwana. Mai rami ya ce ruwan sama ne, ya faɗi gaskiya. Manomi ya ce ramin ne, shi ma ya faɗi gaskiya. Abin tambaya shi ne: da wannan ruwan ya sauka babu ramin, ina zai bi, kuma me zai bari a bayansa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwazazzabo da damina, irin waɗanda suka addabi Gombe, ya san yadda abin yake. Ruwa yana tafe a shimfiɗe a kan fili, a hankali, bai fi idon sawu ba, ba ya ɗaukar komai sai karan dawa da ledoji. Da ya iso inda ƙasa ta yanke sai ya zuba ƙasa da ƙarfi. Inda ya sauka yana tono, yana rarake gindin gaɓar, har saman ya rasa abin da zai tsaya a kai ya rufto. Bakin gaɓar ya matsa baya taku ɗaya. Ruwan ya sake zubowa daga sabon bakin, ya sake rarakewa. Shi ya sa kwazazzabo ba ya bin ruwa zuwa gangare, tudu yake hawa, yana nufar inda ruwan ya fito. Yara ma sun san wannan, in sun tona ɗan rami a gefen ruwan da ke gudu a lungu bayan an ɗauke sama.

Ramin tsakuwa na bakin kogi kwazazzabo ne da aka riga aka tona, ana jiran ruwa kawai. Abin da ya ƙara munana shi abu biyu ne. Na farko, zurfinsa yakan wuce na kogin kansa, sau da yawa nesa ba kusa ba, don haka da zarar ruwa ya sami ƙofa, ramin ya zama wuri mafi gangare a duk kwarin, kogi kuwa ba ya shawara da kowa wajen bin gangare. Na biyu, ƙasar da ke kewaye da shi ita ce mafi sauƙin zaftarewa, domin dalilin da ya sa aka tona ramin a nan ke nan tun farko: yashi ne da tsakuwa, ba ɗanko, ba abin da ya riƙe su. Garin ƙasar da manomi yake taƙama da shi ɗan mayafi ne a sama. In gindin ya tafi, mayafin zai bi.

Masana koguna sun daɗe da sanin wannan. A 1969, a rafin Tujunga kusa da Los Angeles, ambaliya ta faɗa wani ramin tsakuwa, zaizayar ta hau sama ta karya gadoji ta ci gidaje. A 1996 wani reshe na kogin Lewis a jihar Washington ya bar tsohuwar hanyarsa gaba ɗaya ya koma bi ta cikin tsofaffin ramukan tsakuwa na Ridgefield, aka kwashe shekaru fiye da ashirin ana neman yadda za a gyara. Don haka Blessem ba sabon abu ba ne a ilimi. Sabon abu shi ne ya faru a ƙasar da ake ganin komai nata a aune yake, kuma kyamara na kallo.

Amma fashewar gaɓa irin ta Blessem ita ce mai tashe, ba ita ce aka fi yawan gani ba. Yawancin gonakin da ramin tsakuwa ke jiƙawa, a hankali ake kashe su, ba mai ɗaukar hoto.

Ɗauki jinga. Mai rami ba ya son kogi ya shigo masa ya cinye injina, don haka sai ya tara ƙasar saman da ya kankare ya kewaye raminsa da ita. A wurinsa dabara ce mai kyau, har hukuma kan ce ya yi. Sai dai fadama wurin shan iskar kogi ce: in ya cika, nan yake bajewa ya rage ƙarfi. Ka killace eka talatin ka hana shi shiga, ruwan da zai kwanta a eka talatin ɗin nan ba sama zai koma ba. Zai taru a bayan jingar ya yi tsawo, ko ya matsu ya yi gudu ta ɗaya gaɓar. Manomin da shekara da shekaru ruwa ke tsaya masa a gwiwa ya janye bayan kwana biyu, sai ya ga ya kai ƙugu ya yi kwana goma. Shinkafa tana jure nutsewa na 'yan kwanaki. Masara da tumatir da albasa ba su da wannan haƙurin, in saiwa ta rasa iska ta ruɓe an gama. Tulin yashin da aka jibge ana jiran mai saye, da hanyar da aka ɗaga wa tifofi aka sa mata kwalbati guda ɗan ƙarami ko ba a sa ba sam, duk aikin jinga suke yi, ko da ba wanda ya kira su da wannan suna.

Sai ruwan da ake zuƙewa daga ramin. Mai tono a fadama yana cin karo da ruwa tun bai yi nisa ba, to ko ya yi aiki a cikin ruwan, ko ya sa inji ya dinga fitar da shi dare da rana. Ina ake zuba shi? A magudanar da ta fi kusa, wadda aka yi ta daidai ruwan gona. Ga kuma ruwan wankin tsakuwa, mai ɗauke da laka, wanda ke cike magudanar sannu a hankali har ta toshe. Ranar da aka yi ruwan sama na ƙwarai, hanyar fitarsa a cike take tun kafin ya sauka.

Wanda ya fi wuyar ganewa, kuma ya fi wuyar kai ƙara a kansa, shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. A cikin yashin fadama akwai ruwa yana tafiya a hankali, kuma fuskarsa a karkace take, tana bin gangaren kwarin. Ka tona babban rami ya zama tafki, fuskar tafki ba ta karkata, a miƙe take kamar ruwa a tasa. Abin da ke faruwa shi ne ta gefen tudu tafkin ya janyo ruwan ƙasa ya yi ƙasa, ta gefen gangare kuma ya ɗaga shi sama. Manomi biyu, rami ɗaya: na sama yana kukan rijiyarsa ta ƙafe da rani, na ƙasa yana kukan gonarsa ta koma taɓo, in ya sa fartanya ruwa ke tsattsafowa. In kuma aka gama tono aka cike ramin da laka ko ɓaraguzan gini, sai lissafin ya juye, domin an toshe wa ruwan ƙasa hanya, ya taru ta sama ya jiƙa wanda a da yake bushe. Wannan ambaliya ce da ba ta zuwa daga kogi, daga ƙasa take ɓullowa, kuma mai rami zai iya rantsuwa cewa ko cokali ɗaya na ruwansa bai tsallaka iyaka ba.

Akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba don ana tausayin manomi. Rami yana iya rage ambaliya. Ruwan da ramin Blessem ya haɗiye ruwa ne da zai wuce ya sami garuruwan da ke gangare, kuma a wurare da dama a Turai da gangan ake mai da tsofaffin ramuka matattarar ruwan ambaliya. Bambancin shi ne a can an tsara ƙofar da ruwan zai shiga, an daɓe ta da duwatsu ko kankare, an kwantar da gaɓar yadda ruwa zai gangara ba tare da ya yi tono ba. Ramin da aka shirya wa ruwa da ramin da ruwa ya fasa da kansa, sunansu ɗaya, aikinsu ya sha bamban. Mutanen gangare sun tsira, mutanen Blessem suka biya, kuma ba wanda ya tambaye su.

A kan wannan batu na shiri binciken Jamus ya tsaya. Kamfanin Rheinische Baustoffwerke, reshen katafaren kamfanin makamashi na RWE, shi ke aiki a ramin a lokacin, hukumar ma'adanai ta gwamnatin yankin Arnsberg kuma ita ke sa ido. A watan Janairun 2022 masu gabatar da ƙara na Kolon suka binciki ofisoshi da gidaje, bisa zargin cewa gefen kudu na ramin ba shi da jingar kariya irin wadda takardar izini ta tanada, kuma gaɓar ta yi tsaye fiye da kima. Zargi ne, ba hukunci ba. Abin da ya ja hankalina shi ne waɗanda aka bincika ba ma'aikatan kamfani kaɗai ba ne, har da jami'an hukumar da ke sa ido. An kuma tsai da shawara cewa ba za a koma haƙar tsakuwa a wurin ba. Ko ma mene ne ƙarshen shari'a, an iya yin tambayar ne saboda akwai takarda da ta ce jinga ta kai tsawo kaza, akwai taswirar da aka auna kafin ruwa, akwai abin da za a gwada da abin da aka tarar.

A nan ne zancen ya iso gida. Duniya tana cin yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a shekara, a ƙiyasin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022, kuma Kano da Kaduna da Abuja suna cin rabonsu. Duk bulon da aka buga, duk dakalin da aka zuba, daga wani kogi ko gefensa aka ɗebo. Wanda ya bi hanyar Challawa ko Tamburawa ko Wudil da sassafe ya ga jerin tifofi suna ɗigar ruwa. Ga wani abu da ba a cika haɗawa da wannan ba: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yashin da ke gangarowa daga sama yana kwanciya ne a bayan madatsun. Kogin da ake ɗiba a ƙasa ba ya samun mayi kamar da. Wani masanin koguna na jami'ar Berkeley, Mathias Kondolf, ya kira irin wannan ruwa mayunwacin ruwa: an raba shi da kayan da ya saba ɗauka, sai ya huce a kan gindinsa da gaɓarsa. Gaɓar kuwa gonar wani ce.

Ba ina cewa 'yan yashi mugaye ba ne. Saurayin da ke wuni a cikin ruwa da shebur yana loda tifa abincinsa yake nema, kuma sau da yawa wanda ya ba da filin tonon shi ma manomi ne, wanda ya lissafa ya ga kuɗin da za a ba shi a dunƙule ya fi amfanin gona na shekara biyar. Matsalar ita ce ciniki tsakanin mutum biyu aka yi, amma ruwa mutum goma zai shafa, kuma takwas ɗin ba su san ranar da aka shafa fatiha ba.

In abin ya ɓaci, ƙofar gidan dagaci ake zuwa, kuma zaman kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai gona ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan tun kakana ake nomanta, ruwa bai taɓa kwana uku a cikinta ba sai da aka tona ramin Alhaji." Wakilin Alhaji ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ruwan bana kowa ya gan shi. Har garuruwan da ba a taɓa tona ko rijiya ba ya ci. Baba ya yi haƙuri, abu ne daga Allah." Dattawa su gyaɗa kai, don ba wanda zai musa cewa ruwa daga Allah yake. A ƙarshe a ba tsoho kuɗin buhun taki biyu a ce a yi haƙuri. Ba ƙarya aka yi masa ba, hujja ce ba shi da ita. Ba wanda ya auna tsawon gaɓar kafin a fara tono, ba wanda ya san zurfin ruwan rijiyarsa shekara uku da suka wuce, abin da yake da shi kawai tunanin kakansa.

Alhali dokar ba ta bar shi haka ba, a takarda dai. A Najeriya ma'adanai na gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ma'adanai ta 2007 ta haɗa da haƙar yashi da tsakuwa: sai da lasisi, sai da yardar mai fili, sai an yi nazarin illa ga muhalli, sai an yi yarjejeniya da al'ummar wurin, sai an biya diyyar amfanin gona da aka ɓata, sai an gyara wurin bayan an gama. Akwai dokar nazarin muhalli ta 1992, akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Amma lasisi daga Abuja yake fitowa, ƙasa tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kuɗin shiga na tifa ƙaramar hukuma da ƙungiya ke karɓa a bakin hanya, kogin kuma akwai hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Kowa yana da hannu a ciki, ba wanda aikinsa ne ya je da ma'auni ya duba nisan rami da gaɓa. Ƙananan ramuka kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, akasari ba su taɓa ganin takarda ba.

Ita kanta hujjar "daga Allah ne" an daɗe da auna ta a kotu. A 1917 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, wato House of Lords, ta yanke hukunci a ƙarar da wani kamfanin jirgin ƙasa ya kai hukumar garin Greenock a Sikotlan. Hukumar ta sauya hanyar wani rafi ta gina wa yara wurin wasan ruwa, aka yi ruwan sama irin wanda ba a saba gani ba, ruwa ya bi titi ya yi ɓarna. Hukumar ta ce ikon Allah ne. Alƙalan suka ce wanda ya taɓa hanyar ruwa, wajibinsa ne abin da ya gina ya ɗauki ruwan da tsohuwar hanyar za ta ɗauka, ko da ruwan ya wuce na kullum. Malamanmu ma ba baƙi ba ne a wannan babi. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, kuma fiƙihu ya san haramin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai ɓata su ba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke lamuni daga wanda ya toshe magudana ba. Ina mamakin yadda a zaman sulhu ake tuna rabin farko a manta na biyu.

A nawa ra'ayin, nauyin hujja ne ke zaune a inda bai dace ba. Mai katafila da tifa goma shi ke da halin ɗauko mai awo, shi ya kamata ya ajiye shaidar yadda wurin yake kafin ya sa haƙori a ƙasa, kuma in ruwa ya sauya hali bayan zuwansa, shi zai nuna cewa ba aikinsa ba ne. Kafin a kai can, akwai abin da maƙwabcin rami zai iya yi da wayar da ke aljihun ɗansa. A kafa turaku a gaɓa, a auna taku nawa ne daga turke zuwa bakin rami da bakin kogi, a ɗauki hoto farkon damina da ƙarshenta. A zura igiya a rijiya duk wata a ɗaura ƙulli. A sa mai unguwa da liman su gani da idonsu tun ana zaman lafiya. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da ke Google Earth ma suna nuna inda gaɓa take shekarun baya, kyauta.

Sai maganar diyya, inda ake yi wa manomi kwange ko da an yarda an cuce shi. Ana lissafa masa shukar da ta nutse, buhu kaza na shinkafa, kwando kaza na tumatir. Amma ruwan da ya ratso ta wurin tono ba laka mai albarka yake kawowa ba, irin wadda fadama ke jira kowace shekara. Yashi tsagwaro yake shimfiɗawa, wani wuri kamu ɗaya, wani wuri har gwiwa. Garma ba ta kai wa ga ƙasar kirki, taki in an zuba ya zarce, ruwan ban-ruwa ya tsiyaye kafin la'asar. Kwashe shi aikin katafila ne, kuma kuɗinsa na iya fin kuɗin gonar. Na taɓa ganin irin wannan fili bayan damina, fari fat kamar tsakiyar kogi, kan kunyoyin bara ne kawai ke leƙowa ta gefe ɗaya. Mai shi yana tsaye yana ciniki da wani direban tifa a kan nawa zai sayi lodi.